Ƙofar Bayan Kotu

Ni magini ne, kuma in ana maganar ƙofa ba na ja da baya. Na fasa ta gida, na fasa ta shago, na taɓa fasa wa wani attajiri wata ƙarama don karensa ya riƙa wucewa. Amma akwai guda ɗaya da har gobe in na bi ta gabanta sai na rage tafiya. Ba ta fi sauran kyau ba. In ka tambayi Yayata ma, cewa za ta yi na yi waɗanda suka fi ta.

Yaya ce ta goya ni, don haka tana ganin duk abin da na gina tana da ikon kushe shi. Tela ce, idonta ya saba da layi. Za ta shigo gidan da na gama, mai gidan yana ta sa mini albarka, ita kuwa ta karkata kai ta ce, "Auta, wannan tagar barci take ji ne?" Sannan ta fashe da dariya. Dariyar Yaya ba irin ta masu rufe baki ba ce. Daga layin teloli ana jin ta har bakin titi, in ta fara sai ta dafa keken ɗinki don kada ta faɗi.

Ban san ranar da dariyar ta ƙare ba. Raguwa ta riƙa yi a hankali, har wata rana na gina wa maƙwabcinta shago, ta zo ta duba ta ce, "Ya yi kyau," ta juya. A ranar gabana ya faɗi.

Mijinta mai kantin magani ne, mutum mai sanyin murya, lumbu-lumbu wutar ƙaiƙayi. In ya gaida tsoho sai ya kai gwiwa ƙasa. Yana da tarin mukullai a zobe ɗaya, na kanti da na gida da na mota, kullum suna aljihunsa na dama. Daga baya ne Yaya ta gaya mini yadda abin yake. Ba ya ɗaga murya, ba ya zagi. In zai dake ta, sai ya miƙe a natse, ya ciro mukullan, ya kaɗa su a tafin hannu yana neman na ƙofar ɗaki. Ya kulle, ya mayar aljihu, sannan ya juyo.

Ranar da ta zo gidana da tsakar rana ne, hannunta na dama a naɗe cikin ɗankwali. Ya karye. Tela ce fa, da hannun nan take ci. Matata ta shiga shirin kai ta asibiti, ni kuwa na ɗauki guduma na nufi ƙofa, sai da Yaya ta daka mini tsawa daga inda take zaune. "Ajiye. Ba zan rasa hannu in rasa ƙane ba."

Kafin a cire mata ɗauri Kawunmu ya iso, da carbinsa da nasiharsa. "'Yar nan, haƙuri ake yi. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa."

Yaya ta sunkuyar da kai yadda ya kamata, ta ce, "Haka ne, Kawu. Sai dai haƙori ba ya kulle ƙofa kafin ya ciji harshe."

Duk da haka Kawu bai fasa ba. Ya ce zai ba ta lokaci ta huce, in ta huce zai zo da kansa ya mai da ita ɗakinta.

A wannan lokacin rediyo ta cika da maganar wata yarjejeniya. Wai ƙasashe masu yawa sun taru a wani babban zaure can nesa, sun sa hannu cewa kowace gwamnati za ta kare mata daga duka da cin zarafi. Tamu ma ta sa hannu, majalisa ta mai da abin doka. Ni da abokin aikina Mai Walda muna jin labarin a wurin aiki, ya ɗaga tabaraunsa na walda ya ce, "Takarda ce. Ka taɓa ganin takarda ta tare mari?" Na ce ban taɓa ba, muka yi dariya muka ci gaba da aiki.

Sai ga shi takardar ta biyo Yaya har gadon asibiti. Wata ma'aikaciyar jinya ta haɗa ta da lauyar gwamnati, wata yarinya siririya mai saurin magana, aka shigar da ƙara. In kotu ta saurari Yaya ta gamsu, za ta hana mijin kusantarta, Kawu ma dole ya haƙura. Abu ɗaya ake so a wurinta, ta tsaya gaban mai shari'a ta faɗi abin da ya faru da bakinta.

Kotun tsohon gini ne. Ƙofarta ɗaya, barandarta ɗaya, a barandar kuma akwai dogon benci guda da kowa ke jira a kai, mai ƙara da wanda ake ƙara. Na raka Yaya ranar farko. Muna zama sai ga mijin da 'yan'uwansa. Ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi iyali, ya zauna a ɗaya ƙarshen bencin. Bai ko kalli Yaya ba. Can sai ya sa hannu a aljihu ya ciro mukullansa, ya shiga kaɗa su a hankali, kamar mutumin da jira ya isa.

Na ga launin fuskar Yaya ya canza. Ta miƙe, ta bi matakala ta sauka, ba ta tsaya ba sai bakin titi, inda ta durƙusa ta yi amai. Aka kira ƙara ba ta nan. Aka ɗage, aka sa wata rana, abin da ya faru ya sake faruwa. Wa zan kai wa kuka? In ce mutum ya kaɗa mukullinsa? Ɗan sandan da ke tsaye a wurin bai ga komai ba, kuma da gaskiyarsa.

Lauya ta zo gida ta same mu. Ta ce, "Anti, ba zan ɓoye miki ba. An sake sa mana rana, amma ita ce ta ƙarshe. In aka kira ba ki amsa ba, za a kori ƙarar."

Yaya ta ce, "Na ji." Na san abin da ke ranta, domin na ga ta fara ninke kayanta tana mai da su cikin akwati.

Ana cikin haka ɗan kwangilar da nake wa aiki ya kira ni ya ce in kwaso kayan fasa bango, kotu za mu je. Na ce wace kotu? Ya ce wadda ka sani. Muka sami Injiniya a bayan ginin da zanensa a hannu, ya nuna wani wuri a bango ya ce nan za a fasa ƙofa. Daga ƙofar a shiga wani ƙaramin ɗakin jira, daga ɗakin a ɓulla gefen zauren shari'a, inda kafinta zai kafa shingen katako. Mai shari'a za ta ga mai magana, wanda ake ƙara ba zai gan ta ba.

Na ce, "Injiniya, wa ya ce a yi wannan?"

Ya ce, "Yana cikin yarjejeniyar nan da aka sa wa hannu. Sun ce kada a sa macen da ta kawo ƙarar duka ta haɗa hanya ko wurin zama da wanda take ƙara. Duk kotunan ƙasa za a yi wa haka."

Na kalli gudumar da ke hannuna. Wato mutanen da ba su taɓa ganin Yaya ba, ba su san unguwarmu ba, ba sa ma jin yarenmu, sun zauna a wata uwa duniya sun yi tunanin bencin nan. Sun san da shi! Wani ya faɗa, wani ya rubuta, shugabanni suka sa hannu, maganar ta yi ta gangarowa daga ofis zuwa ofis har ta iso hannuna ta zama guduma da cizal. Ni da nake kifin rijiya, ranar na san duniya tana da faɗi. Na kalli Mai Walda, ya kau da kai ya ce, "To, ban ce komai ba."

Ban taɓa yin aiki da zuciya ɗaya irin wannan ba. Bangon ginin mutanen da can ne, dutse ne zalla, kaurinsa ya kai tsawon hannuna. Cizal yana tartsatsi, kafaɗata tana kuka, ban damu ba. Lokacin da dutsen ƙarshe ya faɗa ciki, haske ya ratsa ya sauka a kan daɓen kotun, sai da na ajiye guduma na zauna. Na zuba linta a saman ƙofar, na yi filasta, na gina matakala uku, ina yi ina sake awo. Mai Walda kuwa ya rantse ba za a fi shi ba. Ya ƙera ƙyauren ƙarfe, ya yi masa furanni, muka shafa masa koren fenti mai ɗaukar ido. Ma'aikatar shari'a ta aiko da allo mai manyan haruffa aka kafa a sama, yana bayyana ko ƙofar su wa ce. Manya suka zo suka yanke kirtani, aka ɗauki hoto, aka tafa.

Da yamma na ɗauko Yaya a tasi, ina ta cika baki a hanya. Na ce direba ya bi ta layin bayan kotu ya rage gudu. "Yaya, duba. Ba benci, ba baranda. Daga nan sai gaban mai shari'a."

Ba ta kalli ƙofar ba. Ɗaya gefen layin take kallo. A nan ne rumfar masu gyaran babur take, kusa da ita shagon mai aski, da bencinsa a waje inda maza ke zama tun safe suna jiran layi, wasu kuma ba askin suke jira ba, hira ce ta zaunar da su. Duk fuskokinsu suna kallon koriyar ƙofata.

Ta ce, "Auta, ka yi ƙoƙari. Kai ka gina ƙofa, su kuma sun sami abin kallo. Duk wadda ta taka matakalar nan, kafin ta kai ta uku gari ya san mijinta yana dukanta. Ƙanen maigidan nawa ma a nan yake aski."

An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Mu duka, da Injiniya da ɗan kwangila da ni da Mai Walda, bango muka kalla. Mun auna kauri, mun auna tsawo, ba wanda ya juya ya kalli bayansa. Maza ne mu, ba mu taɓa shiga wata ƙofa muna tsoron wa zai gan mu ba.

Maganar Yaya ta tabbata. Ƙofa ta zauna ba mai shiga. Wata akuya ta mai da matakalar wurin hutawarta, masu gyaran babur suka raɗa wa ƙofar suna, suna ce mata Amarya, wai kullum cikin kwalliya ba ta fita ba a shiga. Ina jin haka raina yana ɓaci. Ranar shari'ar Yaya tana matsowa, akwatinta yana cika.

Sai aka ce baƙi za su zo daga ƙungiyar ƙasashen da ke bin diddigin yarjejeniyar, su ga abin da aka yi. Aka kira mu mu gyara fenti, mu kori akuya. Na zaci zan ga manyan mutane da rigunan alfarma. Sai wata tsohuwa ta fito daga mota, gashinta fari fat, da sandar dogarawa da takalmin roba. Tare da ita akwai tafinta, da Injiniya, da ita kanta mai shari'a, mace gajeriya da ba a cika ganin haƙoranta ba.

Injiniya ya fara bayanin kaurin linta. Tsohuwar ta gyaɗa kai, ta shafa furannin Mai Walda, sannan ta juya ta tsallaka layi da sandarta. Ta je bencin mai aski, ta yi wa mazan alama su matsa, ta zauna a tsakiyarsu. Ta ɗora haɓa a kan sanda tana kallon ƙofar daga can. Har injin mai aski ya tsaya a kan wani da aka yi wa rabin aski.

Ta daɗe a haka, sannan ta yafito mu. Ta tambaya wa ya fasa bangon, aka nuna ni. Na sha jinin jikina, na ce yau kashina ya bushe. Sai ta ciro wayarta ta miƙo mini, tafinta yana fassarawa.

"Ta ce ka duba. Wannan ƙofar a wata ƙasa take, mai sanyi. Wannan kuma a wani tsibiri. Wannan a ƙasar da aka gama yaƙi ba da daɗewa ba."

Na riƙa turawa da yatsana mai kaushin siminti. Ƙofar katako, ƙofar gilashi, wata shuɗiya a jikin bangon ƙasa, wata da dusar ƙanƙara ta rufe matakalarta. A wani hoton ga wani magini tsaye da cokalin gini, fatarsa ba irin tawa ba, amma tsayuwarsa tawa ce, har da fensir a bayan kunne. Ashe lokacin da nake dukan dutsen nan, akwai wasu a can ƙarshen duniya suna dukan nasu, duk don mace ta shiga ta yi magana. Idona ya cika da ƙwalla a gaban mutane, ban ma ji kunya ba.

Tafinta ya ce, "Ta ce kada ka damu. A ƙasarsu ma da suka yi tasu ta farko, tashar mota suka sa ta kalla. Ta ce ita ce ma ta zaɓi wurin." Tsohuwar ta yi dariya tana nuna ƙirjinta da yatsa.

Na ce, "To a tambaye ta, in toshe ne in fasa wata?"

Injiniya ya riga ta amsawa. Babu wani bangon. Gefe ɗaya ɗakin tsare masu laifi ne, ɗaya gefen manne yake da ginin maƙwabta. Tsohuwar ta ɗaga kafaɗa, ta ce ita ba ta zo da amsa a jaka ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tafintan ne ya sa karin maganar, amma na tabbata abin da ta nufa ke nan. Tsohuwar ta juya ta kalli mai shari'a.

Mai shari'a ta matso. Ta kalli ƙofa, ta kalli bencin mai aski, ta sake kallon ƙofa. Sannan ta ce da ni, "Magini, kana da tsani?"

"Akwai, ranki ya daɗe."

"Sauke mini allon can."

Na sauke. Abin da ta ce ke nan, ta koma ofis.

Washegari na dawo toshe ramukan ƙusoshin allon. Ina kan tsani sai ga baƙar motar mai shari'a ta shigo layin baya, inda ba ta taɓa bi ba. Ta tsaya daidai rumfar masu gyaran babur. Mai shari'a ta fito da jakarta, ta kalli mazan ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Ina kwananku?" Suka miƙe suna amsawa, wani har da cire hula. Ta taka matakalata, ta tura koren ƙyauren ta shiga.

Bayanta sai ga magatakardar kotu, sai masu buga takardu, sai lauyoyi mata da baƙaƙen rigunansu a hannu, sai masu shara. Ashe umarni ta bayar: daga ranar, duk macen da ke da wata hulɗa da kotun, ma'aikaciya ce ko mai rikicin fili ko mai neman takardar shaida, ta wannan ƙofar za ta shiga. Da farko mazan layin suka zuba ido suna ƙus-ƙus. Wani ya ce, "Kai, har da mai shari'a? Ita ma dukanta ake yi?" Mai aski ya ce, "Je ka tambaye ta." Kafin mako ya zagayo sun gaji. Kallon da ba ya kawo labari ba ya daɗewa, suka koma gardamar ƙwallo.

Na kai wa Yaya labari da gudu. Ta saurara, ta ce, "Su ba wanda ya san su. Ni ƙanen maigidan zai zauna a bencin nan musamman domina. In ya kira sunana a gaban mutane, ƙafata ba za ta ɗauke ni ba." Matata tana gefe tana jin mu. Sai ta ɗauki mayafinta ta ce za ta je layin teloli karɓo ɗinki.

Ranar shari'a aka wayi gari da ruwan sama, irin mai yayyafi da ba ya ɗaukewa. Yaya ta ce in riga ta tafiya, za ta biyo ni. Na kalli akwatinta a bakin ƙofa, na kalle ta, ban san ko kotu za ta ba ko gidan mai kantin magani. Na tafi. Na tsaya a ƙarƙashin rumfar masu gyaran babur. Ga ƙanen mijin nan kuwa a bencin mai aski, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, idonsa a kan ƙofa.

Sai na ga lema ta shigo layin. Bayanta wata, bayanta wasu. Kafin in ankara layin ya cika daga bango zuwa bango, baƙaƙe da jajaye da masu furanni, har da wadda ƙarfenta ya karye. Layin teloli ne gaba ɗaya suka rufe shagunansu. Da masu sayar musu da zare, da masu kitso na kusa da su, da wata tsohuwa mai guga da ake riƙe da hannunta. Ba waƙa, ba kirari, ba wadda ta ɗaga murya. Ƙarar ruwa kawai kake ji a kan lemomi da takun takalma cikin taɓo. Kowace ta sauke lemarta ƙasa-ƙasa, ta taka matakala, ta shige.

Masu gyaran babur suka ajiye sifana. Mai aski ya fito da almakashi a hannu ya tsaya cikin ruwa bai sani ba. Ƙanen mijin ya miƙe, ya hau kan benci, yana leƙe ta nan yana leƙe ta can, bakinsa a buɗe da sunan da ya zo kira, ya rasa wadda zai jefa wa. Ni kaina, da na tashi a bayan Yaya, na san tafiyarta tun ban san tawa ba, na duba har idona ya yi zafi ban gane ta ba. Ƙofar da na fasa da hannuna ta haɗiye su duka, aka bar akuya a gefe tana kallo.

Na zagaya da gudu na shiga ta gaba. Mijin yana zaune a wurin wanda ake ƙara, cikin farar riga, fuskarsa a sake. Shingen katako yana gefe, ba a ganin kowa a bayansa. Magatakarda ta kira ƙara, ta kira sunan Yaya.

"Ga ni, ranki ya daɗe."

Muryar ƙarama ce, tana rawa, amma tata ce. Na dafe bencin da ke gabana. Lauya ta fara yi mata tambayoyi, tana amsawa a hankali, ta faɗi shekarun aurensu, ta faɗi sana'arta. Aka zo kan ranar da hannunta ya karye. Sai na ga mijin ya gyara zama. Hannunsa na dama ya shiga aljihu.

Shinge yana tare ido, amma ba ya tare kunne. Wannan ma ba mu yi tunaninsa ba. Mukullan suka fito, ya shiga kaɗa su a tafin hannu, a hankali, yana kallon silin. Muryar Yaya ta yanke a tsakiyar kalma. Ba abin da ake ji a kotun sai ruwa a kan kwano da wannan ƙarar. Na ji an ja kujera a bayan shinge, na ce shi ke nan, ta miƙe, za ta fita ta ƙofar da na gina mata.

Ta miƙe ɗin, amma ba fita ta yi ba.

"Ranki ya daɗe, kina jin wannan ƙarar?"

Mai shari'a ta ɗago kai. "Ina ji."

"To da ita yake farawa. Yanzu na ƙofar ɗaki yake nema. In ya same shi sai ya kulle, ya mayar aljihu, sannan ya juyo kaina. Ban gan shi ba, amma a hannun dama suke."

Duk wanda ke zauren ya juya ya kalli hannunsa na dama. Mukullan suna nan a tafinsa, sun daina motsi. Ya rasa yadda zai yi da su, ya mayar aljihu ba dama, ya riƙe ba dama. Mai shari'a ta daɗe tana kallonsa ta saman tabarau, sannan ta ce da magatakarda, "A rubuta cewa kotu ta ji da kunnenta." Ta juya wajen shinge. "Ci gaba, muna sauraronki."

Yaya ta ci gaba. Muryar ta daina rawa, tana ƙara ƙarfi, har ta koma irin wadda take kirana da ita in na yi laifi ina yaro. Ta faɗi komai, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Ina zaune hawaye yana bin gemuna. Na yi aiki a manyan gine-gine, na ga an ɗaga ƙarfen da ya fi mota nauyi, amma ban taɓa ganin an ɗaga abu mai nauyin wanda Yaya ta ɗaga a ranar ba. Kafin a tashi, mai shari'a ta ba da umarnin kada ya kusanci inda take, ta sa ranar ci gaba da sauran shari'ar.

Na zagaya baya na jira ta. Ruwa ya ɗauke, matan suna fitowa suna kaɗe lemominsu, bencin mai aski ba ƙanen miji ba alamarsa. Yaya ce ta fito a ƙarshe, matata tana riƙe da jakarta. Ta sauko matakala ta farko, ta sauko ta biyu, sai ta tsaya. Ta koma sama, ta sake saukowa. Ta karkata kai.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Wannan matakalar ta biyu, da ido ɗaya ka auna ta?"

Na buɗe baki zan rantse cewa sau nawa na auna, sai ta fashe da dariya. Ta dafa koren ƙyauren don kada ta faɗi, tana yi tana share ido, har masu gyaran babur suka ɗago kai suna tambayar ko lafiya.